Rafin Bluff Creek: Yadda 'Yan Sa-kai Suka Bi Sawun Bigfoot, da Abin da Suka Samo

Bluff Creek wani rafi ne a arewa maso yammacin jihar Kalifoniya ta Amurka. Yana gangarowa daga tsaunuka ya zuba cikin kogin Klamath, a tsakiyar gandun dajin gwamnati da ake kira Six Rivers. Ƙasa ce mai tuddai da kwazazzabai, bishiyoyinta dogaye ne kuma a cushe, hanyoyinta kuwa yawanci masu yankan katako ne suka fasa su. A wannan kwari ne aka sami abubuwa biyu mafi girma a tarihin neman halittar nan da Amurkawa ke kira Bigfoot, wadda ake siffanta ta da ƙaton goggon biri mai gashi da ke tafiya da ƙafa biyu kamar mutum. Na farko sawun ƙafa ne a 1958, na biyu fim ne a 1967. Daga baya, a 2011, wasu 'yan sa-kai suka koma wurin da igiyar awo da haƙuri.

Duk waɗanda suka yi wannan aiki a daji ba malaman jami'a ba ne. Direban katafila ne, da mahayan dawaki, da mai gyaran fatun namun daji, da ɗan jarida, da ma'aikatan gandun daji. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari ke nan: yana nuna iyakar abin da mai bincike na sa-kai zai iya, kuma yana nuna ainihin inda aikinsa ke lalacewa.

Sawun 1958

A watan Agusta na 1958, wani direban katafila mai suna Jerry Crew, da ke aikin fasa hanyar katako a yankin, ya tarar da manyan sawu kewaye da motarsa. Siffarsu ta ƙafar mutum ce, amma tsawonsu ya kai inci 16. Crew ya yi abin da ya dace: bai tsaya ga ba da labari da baki ba, ya zuba filasta a cikin sawun ya ciro siffarsa. A farkon Oktoba jaridar Humboldt Times ta buga hotonsa riƙe da zubin, tare da rubutun ɗan jarida Andrew Genzoli, kuma daga nan sunan Bigfoot ya bazu a duk faɗin ƙasar.

Ɗan kwangilar da ke riƙe da aikin hanyar shi ne Ray Wallace, mutum da aka sani da son tsokana. Bayan rasuwarsa a ƙarshen 2002, iyalansa suka fito da wasu manyan ƙafafu da aka sassaƙa da itace, suka ce da su ya riƙa buga sawu a ƙasa. Masu goyon bayan Bigfoot sun amsa cewa siffar ƙafafun itacen ba ta zo daidai da zubin Crew ba. Ko da an karɓi wannan amsa, ɓarnar ta riga ta auku. An tabbatar cewa a wannan kwari, a wannan lokaci, akwai mutumin da ke da kayan ƙirƙirar sawu, da damar yin haka, da sha'awar yi. Duk sawun da aka samu a Bluff Creek daga baya yana ɗauke da wannan tabo, kuma mai bincike na gaskiya dole ya fara lissafinsa daga nan.

Ranar 20 ga Oktoba, 1967

Roger Patterson da Bob Gimlin mutanen yankin Yakima ne a jihar Washinton, dukansu gwanayen doki. Patterson ya daɗe da kamuwa da son wannan batu. A 1966 ya buga littafi a kai da zane-zanen hannunsa, kuma yana shirin haɗa fim. Ya yi hayar kyamara ƙirar Kodak K-100 mai ɗaukar fim na milimita 16. Labarin sababbin sawu ne ya ja su zuwa Bluff Creek.

Bisa abin da suka faɗa, da tsakar rana suna tafe a kan dawaki sai suka kewaya wani tarin itatuwa da ruwa ya jibge, suka ga halittar a bakin rafi. Dawakin suka zabura. Patterson ya ciro kyamara ya bi ta da gudu, shi ya sa farkon fim ɗin ke ta girgiza, sannan ya tsaya ya daidaita hannu. Gimlin ya tsaya riƙe da bindiga bai harba ba. Fim ɗin bai cika minti ɗaya ba, sakan 59 da ɗoriya ne idan aka juya shi a saurin da aka fi amfani da shi, kuma ya ƙunshi hotuna 954 a jere. A hoto na 352 halittar ta waiwayo ta dubi kyamara, hannuwanta na lilo, kuma wannan shi ne hoton da duniya ta sani.

Akwai wani abu game da wurin da ba kasafai ake ambata ba, alhali yana da muhimmanci. Babbar ambaliyar Disamba 1964 ta share bakin rafin, ta bar fili na yashi da tsakuwa da matattun itatuwa. Wannan ne ya ba da sararin ɗaukar abu daga nisan kimanin ƙafa 100 ba tare da ganye ya tare ba. Kuma wannan ne ya sa wurin ya ɓace daga baya, domin daji ya dawo ya rufe filin.

Mutanen biyu sun zuba filasta a sawu biyu, masu tsawon kusan inci 14 da rabi. Bayan kwana tara Bob Titmus, mai gyaran fatun namun daji, ya je ya ɗauki zubin sawu goma a jere. A shekarar da ta biyo baya ɗan jaridar Kanada John Green ya kai wani dogon saurayi wurin, ya sa shi ya bi hanyar da ake jin halittar ta bi, ya ɗauke shi a fim don a gwada tsayi. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ta nuna akwai masu hankali a cikin waɗannan mutane. Sai dai Green bai san takamaiman inda Patterson ya tsaya ba, don haka gwajin bai yanke gardama ba.

Abubuwan da ba a rubuta ba

A nan ne zuciyar lamarin take, kuma a nan ne abin ke ba ni takaici, domin abubuwan da suka ɓata wannan shaida ƙanana ne, waɗanda alƙalami da takarda za su iya tsarewa cikin minti biyar.

Na farko shi ne saurin kyamara. Irin wannan kyamara tana da maɓallin da ake juyawa a zaɓi yawan hotunan da za ta ɗauka a sakan ɗaya, kuma Patterson bai iya tabbatar da inda maɓallin yake a lokacin ba. Mai karatu zai iya cewa wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Wani masanin motsin jikin ɗan Adam a Landan, D. W. Grieve, ya yi nazarin tafiyar halittar, ya kai ga matsaya mai harshe biyu: idan an ɗauka a hoto 24 cikin sakan, tafiyar ba ta bambanta da ta mutum ba, idan kuwa a 16 ko 18 ne, to tsarin takun bai yi kama da na mutum ba. Wato amsar babbar tambayar, mutum ne cikin rigar kwaikwayon goggon biri ko wata dabba ce, ta rataya a kan lamba ɗaya da ba wanda ya duba ya rubuta. Hotunan ba su canza ba, amma saurin da aka juya su shi ke nuna tsawon lokacin kowane taku da yadda hannu ke lilo. Shekaru fiye da hamsin ana ƙoƙarin gano wannan lamba ta bayan gida, ta hanyar lissafin girgizar kyamara lokacin da Patterson ke gudu, kuma kowane ɓangare na fitowa da sakamakon da ya dace da ra'ayinsa.

Na biyu shi ne gilashin kyamarar da nisan da ke tsakani. Ba a iya sanin tsayin abu daga hoto sai an san girman gilashin da aka ɗauka da shi, da tazarar mai ɗauka daga abin. Ba a kafa alama a inda Patterson ya tsaya ba, ba a ja igiyar awo a ranar ba, ba a kuma ɗauki mutum ko sanda mai sanannen tsayi a daidai wurin kafin a tashi ba. Sakamakon haka ƙiyasin tsayin halittar ya kama daga kimanin ƙafa 6 zuwa sama da ƙafa 7. Tazarar nan ita ce bambancin dogon mutum da abin da ya wuce misalin mutum. Gimlin da kansa yana nan tsaye da doki. Da an sa shi ya taka sawun an ɗauke shi da kyamarar nan, a saitin nan, daga wurin nan, da rabin gardamar ba ta taso ba.

Na uku shi ne hannuwan da fim ɗin ya bi. An ce an ɗauke shi ranar Juma'a da rana a cikin daji mai nisa, kuma ranar Lahadi an riga an wanke shi ana kallonsa a Yakima, ɗaruruwan mil daga wurin. Fim ɗin irin Kodachrome ne, wanda wankinsa ke buƙatar injina na musamman da ba kowane shago ke da su ba. Ba a fito da rasit ko takardar da ke nuna wurin da aka wanke shi ba. Wannan ba hujja ba ce cewa ƙarya aka yi, amma ƙofa ce a buɗe ga duk mai zargin cewa an ɗauki fim ɗin tun kafin ranar da aka faɗa. Shi kansa asalin fim ɗin ma yau ba a hannun masu bincike yake ba. Kwafe-kwafe ake nazari. Kowane kwafi yana ƙara dishi-dishi, kuma halittar ɗan ƙaramin wuri ta ci a cikin hoton. Idan aka faɗaɗa irin wannan, ido na ganin abin da zuciya ke so. Wasu na ganin tsokar cinya na motsi, wasu na ganin ɗinkin riga a ƙugu, duk a tabo ɗaya.

Har labarin mutanen biyu bai zo ɗaya ba a wani wuri: Patterson ya ce dokinsa ya faɗi da shi, Gimlin ya ce bai faɗi ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin alamar ƙarya ba, domin mutane biyu da suka firgita ba safai suke tuna abu iri ɗaya ba. Amma da kowannensu ya zauna shi kaɗai a daren ya rubuta abin da ya gani kafin su tattauna, da yanzu muna da shaidu biyu masu zaman kansu. Abin da muke da shi labari ne da aka yi ta maimaitawa gaban 'yan jarida har ya goge.

Masana sun rabu. John Napier, masanin birai da ya yi aiki a cibiyar Smithsonian, bai gamsu da fim ɗin ba. Ya lura cewa saman jikin ya yi kama da na biri, ƙasan kuma da na mutum, haɗin da bai ga ya dace da halitta ɗaya ba. Grover Krantz na Jami'ar Jihar Washinton ya yarda da shi har ƙarshen rayuwarsa, haka ma Jeff Meldrum na Jami'ar Jihar Idaho, wanda ya dogara da wata lanƙwasa a tsakiyar tafin ƙafa da ya ce yana gani a zubin sawun. Mafi yawan masana dabbobi ba su karɓa ba.

Masu cewa su ne

Patterson ya rasu a 1972 sakamakon ciwon daji, bai janye maganarsa ba. Gimlin ma bai janye ba. A 2002 wani mai ɗinka kayan wasan kwaikwayo a jihar Karolina ta Arewa, Philip Morris, ya ce shi ya sayar wa Patterson rigar goggon biri. A 2004 wani mutumin Yakima, Bob Heironimus, ya fito a wani littafi yana cewa shi ne ya sa rigar, bisa alkawarin dala 1,000 da ba a biya shi ba.

Adalci ya wajabta a auna waɗannan da ma'aunin da aka auna fim ɗin. Ba wanda ya kawo rigar. Ba rasit. Bayanin da Heironimus ya yi na rigar da wanda Morris ya yi sun saɓa a kan abin da aka yi ta da shi da yadda ake sa ta. Don haka iƙirarin ƙarya ma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Wanda ya ce an gama tona asirin fim ɗin ya wuce abin da shaida ta ba shi, kamar yadda wanda ya ce fim ɗin ya tabbatar da halittar ya wuce. Sai dai nauyin ba ɗaya ba ne. Mutum cikin riga abu ne da kowa ya san yana yiwuwa. Sabon nau'in ƙaton biri a nahiyar da ba a taɓa tono ƙashin wani goggon biri ba, shi ke buƙatar hujja mai nauyi.

Gashi, ƙashi da beyar

Masu neman Bigfoot kan kawo misalin dabbobin da kimiyya ta makara kafin ta san su: okapi a 1901, goggon birin tsauni a 1902, saola a Biyetnam a 1992. Gaskiya ne, kuma a dukan ukun labarin mutanen wurin ya riga masana. Amma abin da ya tabbatar da su fata ce da ƙoƙon kai da gawa, abin da ake ɗorawa a tebur wani ya zo ya duba. A nan ne neman Bigfoot ya kasa. A 1976 mai bincike Peter Byrne ya aika wa hukumar FBI silin gashi 15 maƙale da ɗan guntun fata; amsa ta dawo cewa na barewa ne, kuma an saki takardun ga jama'a a 2019. A 2014 Bryan Sykes na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka wallafa gwajin ƙwayoyin halitta na gashin da mutane suka aiko daga ƙasashe daban-daban. Samfura 30 ne suka ba da sakamako, kuma duk na sanannun dabbobi ne: beyar (ƙaton naman daji mai kaurin gashi), doki, saniya, kare ko kyarkeci, barewa, har da mutum.

Beyar baƙa ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana da yawa a dazukan arewacin Kalifoniya. Takan miƙe a ƙafafun baya. Tafin ƙafarta ta baya dogo ne mai yatsu biyar, kuma idan tana tafiya takan ɗora ƙafar baya a kan sawun ta gaba, sai sawun biyu su haɗu su ba da siffa ɗaya doguwa mai kama da ta mutum. Wani nazari da aka buga a 2009 ya ɗora wuraren da ake ba da rahoton ganin Bigfoot a yammacin Amurka a kan taswirar mazaunin beyar baƙa, ya ga sun kusan zama ɗaya. Wannan bai bayyana fim ɗin Patterson ba, don ba wanda ke cewa beyar ce a ciki. Amma ya bayyana kaso mai yawa na rahotannin mutanen kirki da suka ga wani abu baƙi a tsaye da magariba. Ba ƙarya suke yi ba. Sun ga abu, kuma mai bincike da ya raina su ya yi asarar bayanin da zai iya amfani da shi.

Komawa wurin

Da shekaru suka ja, har wurin da aka ɗauki fim ɗin ya zama abin gardama. Mutane daban-daban na nuna wurare daban-daban a gefen rafin, kowa na cewa nan ne. Ka duba girman wannan: shaidar da ta fi kowace shahara a fagen, amma ba a ma yarda a kan inda aka same ta ba.

Wasu 'yan sa-kai da suka kira kansu Bluff Creek Project suka ɗauki wannan tambaya, wadda ta fi ƙanƙanta kuma tana da amsa. Ba su ce za su kamo Bigfoot ba. Sun ce za su gano wurin. Suka tattara tsofaffin hotuna da taswirori, ciki har da hoton da René Dahinden, ɗaya daga cikin tsofaffin masu wannan nema, ya ɗauka daga kan tudu a 1971 lokacin filin na buɗe. Suka bi rafin da ƙafa, suna auna tazarar manyan bishiyoyi da kututtura da tarin itatuwan da ambaliya ta bari, suna zana su a takarda, suna gwadawa da abin da ake gani a bayan halittar cikin fim. Ƙananan bishiyoyi sun tsiro sun rufe komai, amma tsofaffin ba su gusa ba. A 2011 suka dace da wurin, kuma hujjarsu irin wadda kowa zai iya zuwa da nasa awon ya gwada ce. A ganina wannan shi ne aiki mafi inganci da aka yi a Bluff Creek tun 1958, kuma mutanen da suka yi shi ba su ma yarda da juna a kan ko halittar na nan ba.

Daga nan suka kafa kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gifta, suka ɗaure su a jikin bishiyoyi a wurin da kewayensa, suna barinsu watanni har cikin hunturu lokacin da hanya ke rufewa. Irin wannan kyamara ta gyara kusan duk abin da ya lalace a 1967: tana buga rana da lokaci a jikin hoto, an san inda take, an san gilashinta, kuma ba ta firgita. Abin da suka samu shi ne beyar da yawa, da barewa, da zakin tsauni (wani dangin damisa na nahiyar Amurka), da ƙananan namun daji. Ba su sami Bigfoot ba, kuma sun faɗi haka.

Dole a yi hattara da ma'anar wannan rashi. Kyamarori kaɗan a kwari ɗaya ba za su tabbatar cewa babu wani abu a dukan dazukan yankin ba. Amma zakin tsauni dabba ce mai tsananin ɓuya, wadda mafarauci zai yi shekaru bai gan ta ba, kuma ta shiga hoto. Halitta mai girman da ake faɗa ba za ta rayu ita kaɗai ba. Sai da garke mai haihuwa, mai ci da sha da mutuwa, shekara da shekaru. Kowane wata da kyamarorin suka ɗauki komai ban da ita yana rage wurin da za ta iya ɓuya.

Cikin hotunan akwai wata 'yar dabba mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, kamar tunku, wadda ake kira matin ta Humboldt. Masana sun daɗe suna zaton ta ƙare saboda farautar fatarta da sare tsofaffin dazuka, sai a 1996 aka sake gano ta a gandun Six Rivers ɗin nan. Kaɗan ne suka rage, a 'yan wurare a arewacin Kalifoniya da gaɓar jihar Oregon, kuma a 2020 gwamnatin tarayyar Amurka ta sa matin na wannan gaɓa cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana. Ga dabbar da ta yi ƙaranci haka, kowane hoto mai ɗauke da rana da takamaiman wuri bayani ne da masu kula da gandun daji ke buƙata kafin su yanke shawarar inda za a sare itace da inda za a bari.